Murhun Gwangwani na Matafiyi: Yadda Ake Ƙera Shi da Yadda Ake Hura Shi

Mai noman rani da ke kwana a fadamar Argungu ko ta Suru yana gadin injin ban-ruwa, da masuncin da ke bin ruwa a gaɓar Yauri, da ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin ƙauye a kan babur tsakanin Jega da Bunza, buƙatarsu ɗaya ce idan gari ya waye: ruwan zafi da wuri, ba tare da an sha wahalar neman itace ba. Murhun duwatsu uku yana cin faskare da yawa, iska tana kwashe rabin zafinsa, a fadama kuwa sau da yawa duwatsun ma sai an nema. Kurfoti yana da nauyi kuma sai an sayi gawayi. Risho sai da kananzir.

Murhun da za a bayyana a nan da gwangwani uku ake yin sa. Nauyinsa bai kai rabin kilo ba, yana shiga jakar goyo ko buhun kaya, kuma ƙirare cike da hannu biyu sun isa ya tafasa ruwa lita ɗaya. Gwangwanin dai ba wani abin a zo a gani ba ne. Gwanintar duka tana wajen huda: girman kowace ƙofa, yawanta, da inda aka sa ta. Wanda ya kiyaye awon hudojin zai samu wuta mai tsabta. Wanda ya huda yadda ya ga dama zai samu gwangwani mai turnuƙe shi da hayaƙi.

Yadda wutarsa take ci

Idan zafi ya kama itace ya wuce digiri 200 zuwa 300, itacen yana fara fitar da wata iska mai kamawa da wuta. Harshen wutar da ido ke gani wannan iskar ce take ci. Hayaƙi kuma ita ce dai, wadda ta tsere ba ta samu isasshen zafi da iskar shaƙa da za ta ƙone ba. Wato duk hayaƙin da ya tashi daga murhu makamashi ne aka yi asararsa.

Wannan murhu bango biyu gare shi, ƙaramin gwangwani a rataye cikin babba. Iska tana shiga ta ƙofofin ƙasan babban, sai ta rabu biyu. Kaɗan daga ciki tana bi ta ƙananan hudojin gindin ƙaramin gwangwanin, ta ratsa itacen daga ƙasa, ta riƙe garwashin kada ya mutu. Mafi yawa kuma tana hawa ta ratar da ke tsakanin bangayen biyu, tana ɗaukar zafi a hanya, ta fito ta hudojin da ke kusa da baki, ta tarar da hayaƙin yana tasowa ta cinna masa wuta. Shi ya sa idan murhun ya kama sosai za ka ga ƙananan harsunan wuta suna fitowa daga kowace huda ta sama kamar na murhun gas. Wani masani ɗan Amurka, Thomas Reed, shi ya fara aiki a kan wannan tsari na kunna wuta daga sama a 1985, wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Paal Wendelbo shi ma ya ƙera irinsa ya yaɗa shi a Yuganda. Na matafiyi ƙaramin samfurinsa ne.

Zaɓen gwangwani

Na waje: gwangwanin madarar gari mai gram 900, wanda faɗin bakinsa ya kai kusan santimita 12 da rabi zuwa 13, tsayinsa kusan 16. Guda biyu ake buƙata, ɗaya ya zama jikin murhu, ɗaya a yanka a yi mazaunin tukunya. Na ciki: gwangwanin tumatir mai gram 850, faɗi kusan santimita 10, tsayi kusan 12. Masu sayar da abinci da masu shayi suna tara su, 'yan gwangwan ma suna da su a kowace babbar kasuwa. Kamfanoni suna ɗan bambanta wajen awo, don haka ka auna naka. Abin da ake nema shi ne ratar santimita 1 zuwa 1 da rabi tsakanin bangayen biyu ta kowane gefe, da ratar santimita 3 zuwa 4 tsakanin gindin na ciki da ƙasa. Idan ratar gefe ta gaza rabin santimita iska ba za ta hau ba. Idan ta wuce 2 kuma iskar ba za ta yi zafi sosai ba kafin ta iso sama.

Ka gwada gwangwanin da mayen ƙarfe. Wanda ya kama, ƙarfe ne, ya yi. Wanda bai kama ba alminiyon ne, irin na lemon gwangwani, yana narkewa a digiri 660, kuma cikin wannan murhu yana kaiwa nan.

Akwai waɗanda ba a taɓa su ko da kyauta aka ba ka. Gwangwanin maganin feshi ko na maganin ƙwari, komai wankin da aka yi masa. Gwangwanin fenti, saboda wasu fentin suna da dalma a ciki. Duk mazubin da aka taɓa zuba ƙasar haƙar zinare a cikinsa: mutanen Anka da Bukkuyum a Zamfara sun ga abin da gubar dalma ta yi wa ƙananan yara a 2010, ba abin wasa ba ne a kusa da abinci. Sai kwanon rufin ɗaki da duk ƙarfen da aka yi wa irin rufinsa mai ƙyalli, domin idan ya sha wuta yana fitar da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Kayan aiki ba su da yawa: guduma, filaya, almakashin yankan kwano, tsohuwar wuƙa mai kauri, ƙusa inci 3 da ƙusa inci 6, guntun rodi mai milimita 12 da aka fiƙe bakinsa, magagari ko dutse mai kaushi, abin awo, da alƙalamin maka ko gawayi na zane. Sai guntun itace mai kauri da zai shiga cikin gwangwani ya tokare shi lokacin huda. Ƙusa inci 3 tana ba da huda ta kusan milimita 4, inci 6 kuma kusan milimita 6, su ne awon da ake so. Ka sa safar hannu ko ka naɗe hannu da tsumma, yankan gwangwani yana da zurfi kuma ba ya saurin warkewa.

Gwangwanin ciki

Da shi ake farawa, domin shi ne cikin murhun. Cire takardar jikinsa, wanke shi, sannan ka bi bakinsa da filaya ka kwantar da duk ƙarfen da mabuɗi ya bari a tsaye. Kada ka yanke leɓen bakin nan mai kauri, shi zai riƙe gwangwanin a rataye.

Kifa shi a kan guntun itacen, gindi a sama. Da ƙusa inci 3 ka yi huda 20 a gindin, a warwatse daidai: ɗaya a tsakiya, 7 a zagaye da ita, 12 a zagaye na waje. Kada ka wuce haka da zaton yawan iska shi ne ƙarfin wuta. Yawancin masu ƙera wannan murhu a nan suke ɓata shi. Idan hudojin ƙasa suka yi yawa, itacen gaba ɗaya yana kamawa lokaci guda, ya fitar da hayaƙin da hudojin sama ba za su iya ƙonewa ba, wuta ta yi tsawo ja mai baƙin toka, cikin minti biyar komai ya cinye. Ƙara huda daga baya abu ne mai sauƙi, toshe ta ne wahala.

Sai hudojin sama. Auna santimita 2 daga leɓe zuwa ƙasa, ka zana layi ya zagaye gwangwanin. A kan layin ka sa ɗigo duk bayan santimita 1 da rabi, zai ba ka wajen 21. Tura itacen ciki ya tokare daidai inda za ka buga, ka huda da ƙusa inci 6 daga waje zuwa ciki. Idan ba ka samu itacen da ya yi daidai ba, cika gwangwanin da jiƙaƙƙen yashi ka danne shi sosai, zai hana bangon lotsawa. Ƙarfen da ƙusa ta tura ciki ka bar shi, yana taimakawa wajen nuna wa iska hanya, sai dai ka rage kaifinsa da magagari.

Dalilin wannan awo yana cikin lissafi. Huda 20 masu milimita 4 sun ba da fili na kusan murabba'in milimita 250. Huda 21 masu milimita 6 sun ba da kusan 590. Ke nan ƙofar iskar sama ta ninka ta ƙasa fiye da sau biyu, haka ake so. Idan ka yi amfani da gwangwani mafi girma ko ƙanƙanta, ka riƙe wannan rabo.

Gwangwanin waje

Kife ake amfani da shi: bakinsa a ƙasa, gindinsa a sama. Ajiye murfinsa na roba gefe guda, zai yi amfani wajen ɗaukar kaya, amma kada ya kusanci wuta.

Santimita 2 daga bakin da zai zauna a ƙasa, ka zana layi, ka yi huda 10 a zagaye, tazararsu kusan santimita 4. Fara da ƙusa inci 6, sannan ka faɗaɗa da rodin har kowace ta kai milimita 12. Jimillarsu ta haura murabba'in milimita 1,100, wato ta fi hudojin gwangwanin ciki gaba ɗaya. Dole ta fi su, tunda ta nan duk iskar murhun take shiga.

Yanzu wuri mafi wuya, kuma wanda ya cancanci natsuwa. Ɗora gwangwanin ciki a tsakiyar gindin babban, ka tabbatar ratar gefe ɗaya ce ta ko'ina, ka zana da'ira a jikinsa. Cikin wannan da'irar ka sake zana wata, santimita 1 daga ta farko, faɗinta zai zama kusan 8. Ƙaramar za ka cire: jera hudojin ƙusa kusa da juna a kan layinta, ka bi da wuƙa da guduma ka haɗe su har faifan ya fita. Daga bakin ramin ka riƙa tsagawa da almakashi zuwa wajen babbar da'irar, tsaga ɗaya duk santimita 1 da rabi, amma ka tsaya milimita 2 kafin layin. Za ka samu 'yan kunnuwa a zagaye. Lanƙwasa su ciki da filaya, rabi-rabi, kada ka kwantar da su gaba ɗaya.

Akwai abin da ba kowa ke lura da shi ba. Leɓen gindin gwangwanin tumatir da leɓen bakinsa faɗinsu ɗaya, kuma dukansu sun fi jikinsa faɗi kaɗan. Ramin da ya bar na ƙasa ya wuce cikin sauƙi zai bar na sama ma ya zurma ranar da ƙarfe ya sha zafi. Maganinsa: kafin ka tura, bi leɓen gindin da filaya ka matse shi ciki kaɗan-kaɗan a zagaye, sannan ka ɗan buɗa leɓen baki waje a wurare huɗu. Tura gwangwanin daga sama, ka ɗora katako a bakinsa ka riƙa bugawa a hankali har leɓen ya zauna a kan gindin babban. Kunnuwan za su kama jikinsa kamar tarko. Leƙa ta ƙasa ka duba: tsawon kunnuwan bai wuce santimita 1 ba, hudojin sama kuma suna santimita 2, saboda haka bai kamata kunne ko ɗaya ya rufe huda ba. Wanda ya rufe, ka karya shi.

Mahaɗar nan dole ta kama gam. Idan akwai ɓula, iskar da ta yi zafi za ta zurare ta nan maimakon ta shiga ta hudoji, wutar sama ba za ta taɓa kamawa da kyau ba. Ɗaga murhun ka duba shi a rana daga ƙasa. Inda haske ya shigo, ka bubbuga da guduma ko ka liƙe da yumɓu da aka kwaɓa da toka. Yumɓun yana zubewa a tafiya, amma sabunta shi aikin minti ɗaya ne.

Mazaunin tukunya

Ba a ɗora tukunya kai tsaye a bakin murhun, wuta za ta shaƙe nan take. Daga gwangwanin madara na biyu ka yanko zobe mai tsayin santimita 6, a tsakiyar jiki inda babu leɓe. Tsaga shi ta gefe ɗaya ya zama ɗamara. A gefen da zai kalli sama ka yanke gurabe huɗu, kowanne faɗin santimita 5, zurfin 2, ka bar haƙora huɗu a tsakaninsu waɗanda tukunya za ta zauna a kai. Ɗaya daga cikin guraben ka zurfafa shi ya kai santimita 4, ta nan za a riƙa jefa itace. Kwantar da kaifin duk inda ka yanka.

Idan ka ɗan matse ɗamarar ka ajiye ta a saman murhu, za ta buɗe da kanta ta tokare leɓen babban gwangwanin daga ciki, ta zauna daram. In ka ga tana motsi, huda bakunanta biyu inda suka haɗu ka zura guntuwar waya. Tukunyar da faɗin gindinta ya kai santimita 14 zuwa 16 za ta zauna lafiya. Butar shayi ko kofin silba da bai kai faɗin zoben ba, sai ka gitta ƙusa biyu inci 6 a kan guraben ya hau kansu.

Kada tsayin zoben ya gaza santimita 5. Harshen wuta yana son fili ya gama ci kafin ya taɓa gindin tukunya, domin tukunyar da ke da ruwa a ciki sanyi gare ta idan aka kwatanta da wutar, kuma duk inda harshe ya taɓa ta da wuri sai ya mutu ya bar baƙi. In ya wuce santimita 8 kuma iska ce za ta sha zafin.

Kafin a dafa komai, sai an ƙone murhun. Gwangwanayen abinci suna da wani shafi na roba-roba a ciki da fenti a waje. Kai shi fili, nesa da yara da dabbobi, cika shi da itace ka bar shi ya ci sau biyu babu tukunya, kai kuma ka tsaya ta inda iska ke fitowa. Idan ya huce ka goge ɓawon fentin da yashi.

Makamashi

Itacen da ya dace shi ne busasshen ƙirare mai kaurin ɗan yatsa, daga ƙaramin yatsa zuwa babba, a kakkarye tsawon santimita 5 zuwa 8. Gwajin bushewa ɗaya ne: ka karya, in ya ce ƙas ya rabu, ya yi. In ya lanƙwashe, bar shi. Rassan da suka bushe a jikin bishiya sun fi waɗanda ke kwance a ƙasa, musamman a fadama inda raɓa ke sauka da dare.

Sabara da geza da kalgo suna ko'ina a dajin Kebbi kuma suna kamawa da sauri. Bagaruwa, marke, aduwa da ƙirya sun fi nauyi, suna jinkirin kamawa amma suna daɗewa suna barin garwashi mai kyau. Darbejiya tsaka-tsaki ce. Abin da ya fi shi ne a haɗa: mai nauyi a ƙasa, mai sauƙi a sama. Totuwar masara da aka karya gida uku tana ci da kyau ƙwarai a wannan murhu, haka ɓawon goruba. Karan dawa da na gero suna ba da wuta nan da nan amma ba sa jimawa, sun fi dacewa da shayi. Busasshen kashin shanu yana ci, sai dai tokarsa tana toshe hudojin ƙasa, sai an riƙa girgiza murhun.

Buntun shinkafa, duk da yawansa a bakin injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi, ba ya yi a nan. Yana cushewa ya hana iska wucewa, kuma wannan murhu ba shi da fanka da za ta tura ta. Haka garin katako. Tinya da tumfafiya da duk itace mai farin ruwa kamar nono a guje su, hayaƙinsu yana cutar ido da maƙogwaro. Katakon da aka yi wa fenti ko magani, da leda, da roba, ba su da wuri a wutar abinci.

Hura wuta

A nan ne hannu ke son komawa ga abin da ya saba, wato a kunna daga ƙasa a ɗora itace a kai. Wannan murhu daga sama ake kunna shi.

Nemi wuri mai tauri da ya daidaita. A kan yashi mai laushi murhun yana nutsewa ƙofofin ƙasa su toshe, don haka ka sa masa faranti na ƙarfe ko fallen dutse. Share ciyawa taku biyu ta kowane gefe. Zuba itacen a kwance, ka girgiza ya zauna, amma kada ka danna. Ka tsaya santimita 1 ƙasa da hudojin sama, itace bai kamata ya kai su ba ko kaɗan. A kansa ka shimfiɗa siraran tsinkaye kamar na tsintsiya, a kan tsinkayen kuma abin kunnawa: busasshiyar kaba da aka yayyaga, audugar rimi, ko 'yar auduga da aka shafa wa man kaɗe ko basilin, wadda ke ci minti biyu zuwa uku ko da akwai iska. Kananzir in za a sa, ɗigo kaɗan ne a kan tsinkaye kafin a ƙyasta ashana. Fetur kuwa sam.

Minti biyu na farko ka bar shi ba tukunya, har saman itacen ya kama ko'ina. Za ka ga hayaƙi ya ragu, harsuna sun fara fitowa daga hudoji. Sannan ka sa zobe ka ɗora tukunya da murfinta. Wutar tana cin itacen daga sama tana gangarowa a hankali, hayaƙin kowane sashe yana bi ta cikin garwashin da ke samansa kafin ya iso ga iskar zafi. Cikin murhu ɗaya, wato itace gram 150 zuwa 200, yakan ci minti 15 zuwa 20 ba a taɓa shi ba. Rabin lita yakan tafasa cikin minti 6 zuwa 8, lita ɗaya cikin 10 zuwa 13, gwargwadon iska da bushewar itace.

Idan harshen ya fara gajarta, ka jefa tsinke biyu ko uku ta ƙofar zobe, ka jira su kama, sannan ka ƙara. Wanda ya bari harshen ya mutu sannan ya tula itace a kan garwashi zai sha farin hayaƙi mai yaji. In hakan ta faru, sauke tukunya, ka hura daga sama ko ka miƙa ashana a bakin murhun, hayaƙin da kansa zai kama.

Iska ita ce babbar abokiyar gabarsa, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ba ya ɗaga ƙafa a filin fadama. Yanko falle daga tsohuwar garwa, tsayin santimita 25, ka lanƙwasa shi ya zagaye kashi uku cikin huɗu na murhun, da ratar yatsu uku. Kada ya manne, domin ƙofofin ƙasa suna buƙatar numfashi. In babu falle, buhun kaya ko jikin kunya ya tare, muddin buhun yana nesa da wutar.

In ya ƙi ci

Farin hayaƙi mai yawa tun daga farko alamar ɗanyen itace ce, ko an ɗora tukunya da wuri. Wutar da ta kama da kyau sannan ta mutu a tsakiya, ko an danna itacen ya cushe, ko toka ta toshe gindi, ko hudojin ƙasa sun yi kaɗan: gwada girgizawa tukuna, in abin ya ci gaba a kowane girki ka ƙara huda huɗu kawai ka sake gwadawa. Doguwar wuta ja mai lasar gefen tukunya tana zuba baƙi, iskar ƙasa ce ta yi yawa, sai ka shimfiɗa faifan nan da ka cire daga gindin babban gwangwani a cikin na ciki ya rufe wasu hudojin. Harsuna a gefe ɗaya kawai, ko murhun ya karkace, ko gwangwanin ciki bai zauna a tsakiya ba, ko mahaɗa tana zurar da iska ta ɗaya gefen. In kuma komai yana tafiya daidai sai an ɗora tukunya wuta ta dushe, guraben zoben ne suka yi ƙanƙanta, faɗaɗa su.

Abin da yake dafawa

Murhun mutum ɗaya ne ko biyu. Shayi, kunu, koko, taliya, dafaffen ƙwai, ɗumamen miya, soya ƙananan kifi, duk yana yi. Kada a ɗora masa abin da ya wuce lita biyu, gindinsa ƙarami ne, tukunya mai nauyi tana kifar da shi. Shinkafa ƙaramin gwangwanin madarar ruwa ɗaya ko biyu tana dahuwa da ciki ɗaya idan aka yi dabara: a bar ta ta tafasa minti goma, ta ƙarasa shan ruwa a kan garwashi, sannan a sauke a naɗe tukunyar da bargo ko buhun algarara minti ashirin ba a buɗe ba. Wake sai an jiƙa shi tun dare, in ba haka ba zai ci ciki uku. Ruwan gulbi ko na tafki da za a sha, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a bar shi yana tafasa sosai aƙalla minti ɗaya. Shafa jiƙaƙƙen sabulu a bayan tukunya kafin a ɗora yana sa baƙin ya fita da wanki ɗaya.

Kada a kunna shi cikin rufaffiyar bukka, ko tanti, ko mota, ko shago da aka ja ƙofa, komai sanyin dare. Garwashin da ya rage bayan harshe ya mutu shi ya fi haɗari, yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuma tana iya wucewa da shi bai farka ba. Masunta su sauka gaɓa su yi girki, kwalekwalen da ke ɗauke da jarkar fetur ba wurin wuta ba ne. Kusa da tarin shinkafar da aka yanke ko rumbu ko harawa, a ba da tazara mai yawa, a kuma zauna ta inda iska ba za ta kai tartsatsi can ba.

Kashewa da ɗaukar kaya

Kama murhun da filaya, ka juye garwashin a ɗan rami, zuba ruwa, juya da tsinke, sake zubawa, ka kara bayan hannu a kai ka ji babu zafi sannan ka rufe da ƙasa. Rufewa da yashi kaɗai ba ta kashe garwashin ƙirya, yana iya kwana da rai. Wanda ke son gawayin ya juye shi cikin gwangwani mai murfin ƙarfe ya rufe, zai mutu da kansa, gobe a fara wuta da shi. Kada a watsa wa murhun ruwa yana da zafi, ƙarfen yana karkacewa mahaɗa ta saki. Minti goma a iska ya ishe shi hucewa.

Wutar farko tana cinye rufin da ke kare gwangwani daga tsatsa, saboda haka damina tana cin sa da sauri. Bayan ya huce a kakkaɓe toka, domin toka mai laima ita ke huda gindi, a shafa masa man gyaɗa da tsumma. Zoben ana naɗe shi a tura cikin gwangwanin ciki tare da ashana da audugar kunnawa a ƙulle cikin leda, murfin roba ya rufe ƙasa, a sa duka a jakar tsumma don kada baƙi ya ɓata kaya. Gindin gwangwanin ciki shi ke fara mutuwa. Idan hudojinsa suka fara haɗewa, a huda gefe da gefe dab da ƙasa a gitta sifokin keke biyar ko shida su zama raga, a ɗora faifai mai huda 20 a kansu, a ƙone sau ɗaya a fili kafin girki. In bangon ma ya ɓule, a zare shi ta sama a huda sabon gwangwanin tumatir da awon farko, na wajen yakan ga bayan na ciki biyu ko uku kafin shi ma a canza shi.